Farin Ƙanzo a Ƙofar Zuciya

Talata, 5 ga Nuwamba, 2013

'Yata Hafsah ce ta kawo mini wannan littafin daga ma'aikatarsu. Na shekarar nan ne, saura wata biyu ya ƙare, shi ya sa aka tuna da ni. Wai likita ta ce in riƙa rubuta duk ranar da ƙirjina ya riƙe, da abin da nake yi lokacin da ya riƙe.

To. Ni Yamusa mai lemo na kasuwar Zuba, shekara saba'in da ɗaya ko da biyu, ban taɓa zama a ajin boko ba. Ɗan rubutun nan a yaƙi da jahilci na tsince shi, ina da gemuna. Zan rubuta, amma abin da na ga dama, kuma ba mai karantawa.

Ƙirjina lafiya lau. Sau biyu ne kawai a makon jiya, shi ma Hajjo ce ta kai ƙara wajen 'yarta. Shekara arba'in da aure, yanzu ta koma 'yar rahoto. Ranar Litinin wai za a ɗauki hoton zuciyar.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Koko da ƙosai a bakin rumfa, rediyo a gefe, ƙamshin sabon lemo. Alhamdu lillahi. Ba abin da ya riƙe.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Hafsah ta ɗauke ni a motarta tun da safe. Asibitin a Maitama yake, cikin gidajen nan masu doguwar katanga inda mai gadi ke kallon takalminka kafin ya kalli fuskarka. Lokacin da na fara bi ta wajen nan, ciyawa ce da gonakin doya na Gbagyi. Na faɗa wa Hafsah, ta ce na sha faɗa mata.

Likitar sunanta Alice. Yarinya ce, ba ta wuce Hafsah ba. Ta sa na cire riga na kwanta ta gefen hagu, ta shafa mini wani abu mai sanyi kamar kamu, ta riƙa goga wani ɗan abu a ƙirjina tana kallon talabijin. Na ɗaga kai na leƙa. Wani abu na gani yana motsi kamar bakin kifi a cikin ruwa mai duhu. Ta ce ƙofar zuciyata ce, bawul, irin na taya, jini ya fita ba ya komowa.

Sai ta tsaya a wuri ɗaya ta daɗe. Ta juya tana yi wa Hafsah Turanci. Na ce ƙirjin nawa ne, ba na Hafsah ba, a yi da Hausa. Ta yi dariya ta ba ni haƙuri, wannan kam na yaba mata.

Ta nuna mini wani fari-fari a jikin ƙofar, da wani kuma a bakin wata ƙofar ta biyu. Ta ce irin sinadarin da ke cikin ƙashi ne ya taru ya daskare, kamar farin ƙanzon da ke kama gindin tukunyar dafa ruwa. Na tambaye ta ko ƙofar ta lalace. Hausarta irin ta nan ce, ba ruwanta da mace da namiji.

"Baba, ƙofar yana buɗewa, yana rufewa. Ba shi ne damuwa na ba. Damuwa na abin da ba na gani a wannan hoto."

Wai akwai ƙananan jijiyoyi uku da ke ciyar da zuciyar kanta, kuma abin da ke tara ƙanzo a ƙofa shi ke tara shi a cikinsu. Wai likitoci sun lura, mutumin da aka ga ƙanzo a ƙofarsa sau da yawa jijiyoyinsa sun tsuke, wanda kuma aka gani a wuri biyu irin nawa, sau da yawa ba jijiya ɗaya ba ce. Ta ce alama ce, ba hukunci ba. Amma ga alama, ga ciwon ƙirji, ga hawan jini, ga sigarin da na sha shekara ashirin kafin in tuba. Tana so in je Legas a zura mini siririyar roba ta jijiya har zuciya, a duba ciki.

Na sa rigata. Na ce ƙofa tana aiki, da bakinki kika faɗa. Na gode.

Ta ba ni ƙwayoyi kala uku, da wata mitsitsiya da ake sawa ƙarƙashin harshe idan ya riƙe. Hafsah ta mayar da ni Zuba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Miyar kuka ba gishiri, ba man shanu. Na tambayi Hajjo ko wani ya mutu ne ake zaman makoki. Ta ce, "Malam, ci ka gode wa Allah." Na ci, don yunwa. Da na fita na tsaya wajen mai tsire na gyara bakina.

Ƙwayoyin suna kan taga. Na sha ɗaya daga cikin ukun, fara, don ita ce ƙarama.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kasuwa ta cika. Motoci tun daga bakin titin Kaduna suke layi, abarba, kankana, ayaba, lemon Binuwai ya fara sauka sosai. Matan kasuwar Utako sun zo da sassafe, masu otal-otal kuma sun aiko motocinsu. Garin nan kullum ƙara cika yake, kowa da bakin shan lemo. Ban taɓa ganin shekarun ciniki irin waɗannan ba, ba zan ɓoye ba.

Lukmanu ya wuce da babbar riga da waya biyu a hannu. Shi ne shugaban masu lemo yanzu. Ni na koya masa bambanta lemon da ya nuna a bishiya da wanda ya nuna a hanya, amma ranar zaɓe aka ce ana son mai karatu wanda zai iya shiga ofis. Shekara huɗu ke nan. Ya ce, "Baba, ya jiki? Mun ji an je asibiti." Na ce wa ya ce masa ba ni da lafiya. Hajjo ce, na sani, ta faɗa wa matarsa a gidan suna.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Da na taka zuwa masallaci ya ɗan taɓa ni a wajen hawan nan na bayan tasha. Na tsaya kamar ina gyara takalmi. Ya wuce. Rana ce ta yi yawa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Hafsah ta zo da takarda a hannu, wai ta yi magana da asibitin Legas, sun ba da rana a watan gobe. Ban ce ta nema ba. Na ce ta mayar musu da ranarsu su ba wani.

Ta zauna a tabarma kusa da ƙafata kamar lokacin tana ƙarama, ta sake yi mini bayanin daga farko. Na ce na ji tun a bakin likita, ba kurma ba ne ni. An duba, an ga ƙofa tana aiki. Ɗan fari-fari a jikin tsoho ai ba labari ba ne, kaina ma fari ne, ba wanda ya ce a fasa shi a duba ciki. A kan abin da ba a gani ba za a zura mini roba har zuciya? Idan likita ta ce ta ga jijiyar ta toshe, wannan magana ce. Amma ita da bakinta ta ce ba ta gani ba.

Hafsah ta ce, "Baba, shi ya sa ake so a gani."

Na ce tun da ta fara aiki a ma'aikata take yi mini magana kamar takardar ofis. Ban kyauta ba, na sani. Idonta ya kawo ruwa, ta tashi ta shiga wajen uwarta. Da za ta tafi na cika mata but ɗin mota da abarba masu kyau, na Hajjo ma ban bari ba. Ta ce ta gode, ta bar takardar a kan taga ƙarƙashin ƙwayoyin.

Talata, 26 ga Nuwamba

Yau Yaya Salisu ya yi ta faɗo mini a rai. Da ƙafarsa ya shiga asibiti, shekara goma sha tara ke nan, ni na riƙe masa jaka. Aka ce ɗan ƙaramin aiki ne, kwana biyu zai fito. Muna ta hirar gonar da zai saya a Gwagwalada, har ya ce in tuna masa ya aika wa mai gonar saƙo ranar Asabar. Aka tura shi a gado mai taya, ya ɗaga mini hannu. Da la'asar aka ba ni hularsa da agogonsa a leda.

Kwanansa ne ya ƙare, na sani, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma gadon nan mai taya ba na son sa. Ban taɓa faɗa wa Hafsah ba. Hajjo ta sani, shi ya sa ita ba ta matsa mini da baki, sai da gishiri.

Litinin, 2 ga Disamba

Tadi ya iso daga Gboko. A jikin motarsa an rubuta Thaddeus, mu Tadi muke ce masa. Tibi ne, shekara ashirin da biyar yana kawo mini lemo, tun motarsa tana sabuwa shi ma yana da ƙugu. Yanzu daga shi har motar sai a hankali. Ya kawo mini doya biyar daga gonar matarsa. Muka zauna a benci muka ɓare lemo muna zagin hanya. Ya ce na rame, na ce shi ya cinye rabona.

Na ba shi labarin likita don mu yi dariya. Bai yi dariya sosai ba. Ya ce zai juya ya dawo ranar Alhamis da kayan wani sabon manomi.

Rana mai daɗi. Ko sau ɗaya bai riƙe ba.

Alhamis, 5 ga Disamba

Zan rubuta yadda abin ya faru don kada a ƙara masa gishiri, tunda na san yanzu ya zaga kasuwa.

Tadi ya iso da hantsi da kayan sabon manomin. Aka buɗe bayan mota. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san layin lemon da ke bakin ƙofa shi ake kira fuska, kuma mai lodi mafi kyau yake zaɓa ya jera a nan. Shi ya sa kyan fuska ba ya gaya mini komai. Amma idan na ga tabo a fuska, to gabana yana faɗuwa, don mai lodi ya nemi masu tsabta bai samu isassu ba ke nan. Yau na ga tabo, baƙi-baƙi a gindin wasu, a kusurwar dama, na sake gani a ta hagu. Wuri biyu.

Lukmanu yana tsaye da wayoyinsa. Ya ce ai ɗan tabo ne, wataƙila gogar hanya ce, kayan sun yi kyau, a sauke kawai. Na ce wataƙila gogar hanya ce, wataƙila kuma rabin motar ruɓaɓɓe ne, ba mai sani daga ƙasa. Ni ban taɓa karɓar mota ban tona ba. Tono shi ne ka hau bodi ta gefe, ka zura hannu cikin lemon har kafaɗa a wuri uku, bayan direba, da tsakiya, da saitin taya, ka zaro na ƙasa ka gani da idonka. Mutane da yawa sun daina, wai ɓata lokaci ne. Ni da shi aka san ni.

Na naɗe hannun riga na kama katako. Hawa ɗaya, biyu. A na huɗu sai na ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji an zauna a kai. Ya bi hannun hagu har haƙora. Na kasa hawa, na kasa sauka, na rungume katako ina zufa mai sanyi, kasuwa tana kallo. Tadi ne ya tallabo ni ta baya kamar buhu, ya zaunar da ni a inuwar taya. Ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe tana aljihuna. Hajjo ce take saka ta kowace safiya, ina gani ina yi kamar ban gani ba. Na sa. Kaina ya sara, ƙirjin ya riƙa saki a hankali.

Lukmanu, in faɗi gaskiya, shi ya kori mutane, ya cire babbar rigarsa ya hau ya yi tonon. Na tsakiya da na saitin taya duk sun yi laushi, suna wari. Ya sauko da su a hannu ya nuna mini.

Tadi yana tsugune gabana yana yi mini fifita da kwali. Na ce masa ka gani ko, na faɗa, tabo wuri biyu. Ya dube ni ya daɗe.

"Oga Yamusa, shekara ashirin da biyar kana wahalar da ni. Ko fuska ya yi kyau sai ka hau, sai ka tona. Yanzu likita ya ga tabo wuri biyu a naka, ya ce bari ya tona, kai ka ce a sauke kawai."

Na ce likitar mace ce. Ya ce ko akuya ce.

Ya ɗauki wayata ba izini ya kira Hafsah. Wannan ba zan manta masa ba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Jiya sun kwantar da ni a asibitin, aka ɗebi jini sau biyu, aka manna mini wayoyi a ƙirji. An ce zuciyar ba ta ji rauni ba, gargaɗi ne. Yau aka sallame ni. Na rasa jam'in Juma'a.

Tadi, mutumin da ko zaɓen lemo bai sani ba sai tuƙi, shi zai koya mini sana'ata.

Litinin, 9 ga Disamba

Mun koma wajen Dakta Alice. Na ce Hafsah ta jira a waje, ta kalle ni, ta fita.

Na yi wa likitar tambayoyi irin nawa. Na ce an taɓa samun mai ƙanzo a ƙofa aka duba ciki aka tarar lafiya? Ta ce ana samu. Na ce an taɓa samun mai ƙofa tas aka tarar ciki ya toshe? Ta ce wannan ma ana samu, da yawa. Na ce to idan wuri biyu ne fa? Ta ce a nan ne hankalinta ba ya kwanciya, musamman da abin da ya faru ranar Alhamis. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da ta ce mini tabbas ta san abin da ke ciki, da na tashi na tafi, don ba mai sani daga ƙasa.

Sai na tambaye ta abin da ya kawo ni. Na ce za a sa ni barci? Ta ce a'a, wurin da robar za ta shiga kawai za a kashe, idona biyu, zan ma iya kallon talabijin ɗin tare da su. Na ce gado mai taya fa, dole ne? Ta dube ni. Ta ce za ta rubuta musu, idan babu matsala a bar ni in taka da ƙafata har ɗakin. Ba ta tambaye ni dalili ba. Iyayenta sun yi tarbiyya.

Na ce zan yi tunani. Ta tambayi littafin da ta ce in riƙa rubutawa. Na ce ya ɓata.

Asabar, 14 ga Disamba

Na ce wa Hajjo ta wanke mini shuɗiyar rigar nan da hula biyu. Ta ce ina zuwa? Na ce mutum ba zai sa a wanke masa riga ba sai da tafiya? Da azahar na ji ta a waya da Hafsah tana magana ƙasa-ƙasa. 'Yar rahoto.

Talata, 17 ga Disamba

Legas. Jirgi bai kai awa ɗaya da rabi ba, tafiyar da muke yi kwana da yini a bayan mota. Hafsah ta ba ni wajen taga. Na ga dutsen Zuma daga sama kamar an kifa ƙwarya, na nemi kasuwa ban gane ta ba. Sun ba mu ruwan lemo a kwali, wanda ya yi shi bai taɓa ganin lemo ba.

Garin zafi da ɗanshi, kowa yana gudu. Hafsah ta riƙe jakata a hanya, na karɓe. Ba na so a riƙe mini jaka.

Gobe da safe ne. Na kira Hajjo na ce ta yafe mini abin da na yi mata. Ta ce, "Malam, sai ka dawo ma yi lissafin, da yawa." Ta sa ni dariya, ita kuma na ji muryarta ba daidai ba.

Alhamis, 19 ga Disamba

Da ƙafata na shiga. Nas ta turo gadon, na nuna mata takardar Dakta Alice, ta kauce.

Ɗakin sanyi kamar cikin firji. Ta wuyan hannun dama suka shiga, ban ji komai ba sai ɗan tsunkuli. Likitan babban mutum ne mai furfura, ba ya jin Hausa, wata nas 'yar Jos ce take faɗa mini abin da ya ce. Na ce a juyo mini da talabijin ɗin. Suka zuba wani ruwa ta robar, na ji ɗumi a ƙirji, sai ga jijiyoyin sun fito baƙi a hoto kamar saiwar bishiya. Ban jira bayani ba. Ɗaya tana tafe da kaurinta har ƙarshe. Ta biyu ta ɗan tsuke a tsakiya. Ta uku, babbar ta gaba, tana zuwa sai ta koma kamar zare, sannan ta sake buɗewa. Na nuna da haɓa na ce wannan ce. Nas ta faɗa masa, ya yi dariya ya ce in zo ya ɗauke ni aiki.

Biyu cikin uku. A nan take suka sa wa babbar wani ɗan bututun raga na ƙarfe ya buɗe ta. Lokacin ƙirjin ya riƙe na ɗan lokaci, na yi salati, ya saki. Suka sake zuba ruwan, na ga ya wuce ta wurin ba tsayawa. Ta biyun sun ce magani zai riƙe ta.

Fitowa kam a gadon suka fito da ni, ba yadda na iya. Ina kallon fitilun sama suna wucewa. Hafsah tana bakin ƙofa da hulata a hannu. Na miƙa hannun hagu na karɓa na sa a kaina da kaina.

Ta tambayi likitan da an bar shi fa. Kafaɗa ya ɗaga. Na gani.

Litinin, 30 ga Disamba

Gida. Ƙwayoyi sun zama biyar, biyu daga ciki an ce ko rana ɗaya kada in tsallake saboda ƙarfen. Hajjo ke miƙo mini, ni ba nema nake yi ba. Jiya ta makara na ɗan yi tari a bakin ƙofar kicin har ta tuna.

Lukmanu ya zo dubiya da mutum shida. Ya zauna a ƙasa. Ban ce na huce ba.

Asabar, 11 ga Janairu, 2014

Shekarar littafin ta ƙare, a shafukan baya na lambobin waya nake rubutu yanzu.

Mun je wajen Dakta Alice ranar Laraba. Ta karanta takardar Legas, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ni ma ban ce ta yi gaskiya ba. Na tambaye ta ƙanzon ƙofar fa, an kankare? Ta ce yana nan, ba ya fita, za ta riƙa duba shi duk shekara. Na kai mata kwandon lemo da hannuna na zaɓa.

Jiya na hau hawan bayan tasha ban tsaya ba. Sai da na kai ƙofar masallaci na tuna.

Litinin, 20 ga Janairu

Na koma kasuwa mako guda ke nan. A benci nake zama, na ce a yi kaza a yi kaza. An hana ni hawa mota sai likita ta yarda, to ba gaggawa nake ba, benci ma wuri ne. Koko ya yi daɗi yau, mai ƙosai ta ƙara mini biyu wai na murnar dawowa, na ba Tadi ɗaya.

Tadin ne ma. Tun da ya dawo daga hutun Kirsimeti nake lura da shi. Yau ya sauko daga mota ya tako zuwa rumfa, tafiyar da ba ta kai ta zuwa famfo ba, ya zauna yana haki, yana murza ƙirji da hannu. Na ce mene ne. Ya ce gyaɗa ce da ya ci a hanya. Na ce tun yaushe gyaɗar take damunsa. Ya ce tun damina, kuma ba komai ba ne, ubansa ya kai shekara casa'in bai taɓa ganin likita ba.

Na ce ya je a ɗauki hoton, ba zafi, abu ne mai sanyi kawai ake shafawa. Ya ce shi ba mara lafiya ba ne. Na ce wa ya ce masa mara lafiya ne. Muka yi ta yi har lemo ya ƙare a faranti. Da ya shiga bayan rumfa na ɗauki wayarsa na kira matarsa a Gboko. Ya fito ya kama ni, ya ce ba zai manta mini ba.

Hafsah ta karɓo masa rana wajen Dakta Alice, Laraba mai zuwa. Zan raka shi. Ba don komai ba, bai san Maitama ba ne, kuma idan ba a tsaya a kansa ba zai juya daga bakin get. Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irin sa ba.